Taransisto Shida don Famfon Yaya Salau

Ranar wata Asabar ce, da hantsi, cikin sanyin ƙarshen shekarar 1984, a bayan kantin Alhaji Nomau da ke kusa da tashar jiragen ruwa ta Marsel. Mu uku ne a ɗakin: ni, da Alhaji Nomau mutumin Galma, wanda ya daɗe a Faransa yana cinikin tsofaffin ƙarafa, da wani Ɗan Ladi na Garhanga, lebura a tashar, wanda ke shirin komawa gida. Na kwance ƙyalle, na ajiye abin da na zo da shi a kan tebur. Ɗan Ladi ya leƙa, ya ja kujerarsa baya.

"Wanga shi aradu ta taɓa?"

Na ce, "An yi mashi abin da ake yi. Maƙeri ya yayyafa nono."

"Ko da haka. Matsa da shi can."

Taransisto ne babba, irin mai ɗaukar wuta mai ƙarfi: hular ƙarfe a kan ɗan faranti, da ƙafafu biyu a ƙasa, bai fi murfin kwalba da yawa ba. Ya ƙone ya yi baƙi, gefe guda ya huje.

Ga yadda ya zo hannuna. Ƙauyenmu yana gefen Bangi, rijiyarsa kuwa mai zurfi ce ƙwarai. An kafa mata famfo mai aiki da hasken rana, da akwatin ƙarfe mai ɗauke da irin wannan taransisto guda shida. Wana, Yaya Salau, shi aka damƙa wa makulli. Shi ke share allunan rana, shi ke karɓar ɗan abin da ake biya na ruwa. Daminar wannan shekara ba a yi ruwa ba. Wata la'asar hadari ya taso, bai zubar da ko ɗigo ba, aradu ɗaya tak ta faɗi, a kan akwatin.

A wajenmu kowa yana sallah, amma ba wanda ya yarda aradu tana faɗuwa haka kawai. Cewa ake tana bin wanda ya ci amana ko ya yi rantsuwar ƙarya. Ba wanda ya taɓa akwatin sai da tsohon maƙerin garin, ɗan gidan arna na dā, ya zo ya yi aikinsa. Ba wanda ya ce wa Yaya Salau ɓarawo. Sai dai mata suka daina aikowa ɗiban wuta a gidansa, kuma idan ya shiga sahu a masallaci, na kusa da shi yakan ɗan bar tazara. Mai gari ya yanke magana: a gyara akwati, Salau ya kunna da hannunsa. In ya yi aiki, zance ya ƙare. In ya sake ƙonewa, to an gani.

Ni ma'aikacin gidan radiyo ne, ina gyaran na'urori, wani lokaci ina karanta sanarwa. Da aka turo ni koyon aiki Faransa, garin ya tara abin da ya samu, aka ba ni ƙonannen guda ɗaya, aka ce in nemo shida irinsa.

Alhaji Nomau ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya miƙa hannu ƙarƙashin tebur ya fito da gwangwanin tumatir babba, ya zazzage. Taransisto ne fal, masu ƙyalli, lambarsu ɗaya da ta nawa.

"Ɗan radiyo, nawa sunka ce maka a kanti?"

Na gaya masa. Kanti uku na shiga, na ji farashi uku, kuma ko mafi araha, kuɗin garinmu ba zai sayi shida ba.

Ya yi dariya. "Wanga gwangwani duka bai kai kuɗin guda ba. A kilo nika sayen su."

Ya ɗauko ma'auni mai allura, ya gwada uku a gabana. Allura ta tsaya inda ya kamata.

Na ce, "Alhaji, me ya sa suka yi araha haka?"

"Kai ba ɗan Madawa ba ne? Ba ka san albasa ba? Akwai ta zaɓe, akwai ragowa. Nasara shina zubda ragowa, mu muna miya da ita."

Na ce cikin ladabi a ɗan dakata, tun da tsarin karatuna zai kai ni wata masana'anta da ke ƙera irinsu. Ya ce ilimin lakwal, wato boko, shi ke damuna. Ya jefo mani guda, na sa a aljihu.

Na yi makonni a Marsel ina jiran kuɗin guzurin karatu da bai iso ba. Gado ɗaya muke rabawa da Ɗan Ladi: idan ya tafi aiki in kwanta, idan ya dawo in tashi. Katifar ba ta taɓa yin sanyi ba, ɗumin wani kullum yana cikinta. Ranar da zan tafi arewa, wani mai fara'a ya tare ni a bakin tashar jirgin ƙasa, ya ce yana da tikitin da ba zai yi amfani da shi ba, rabin kuɗi. Mai duba tikiti ya nuna mani hujin da ke jikinsa, an riga an hau da shi. Aka sauke ni a wata ƙaramar tasha da ba kowa, sai benci da agogon da ya tsaya. Na zauna har wata mata mai sayar da burodi ta lura da ni ta taga. Ta fito ta ajiye mani kofin madara mai zafi a ƙarshen bencin, ta koma. Da kuɗin abincina na mako na sayi tikitin gaskiya. Kuɗin garinmu yana ɗinke a cikin ɗamarata, ban taɓa shi ba.

Garin da masana'antar take yana cikin kwari, tsakanin duwatsu biyu. Tun da na sauka ban ga rana ba. Wani farin hazo mai laima yana kwance a kan gidaje tun safe har yamma, mutane suna fitowa daga cikinsa su wuce ka ba sallama, su sake nutsewa. Ba kiran sallah, ba kukan jaki, ba carar zakara. Na rasa gabas. Safiyar farko na farka da jin daka, dum, dum, a hankali, kamar mace ɗaya tana surfe a bayan gida. Na kwanta ina saurare, har na fara jin ƙanshin gero. Injin matse ƙarfe ne na masana'antar. Kullum da safe sai ya ruɗe ni, ko bayan na san ko mene ne.

A cikin masana'antar akwai wani dogon ɗaki mai hasken rawaya, wanda ake kallo ta gilashi. Mata ne a jere, cikin fararen kaya daga kai har ƙafa, baki da hanci a rufe, kowace ta sunkuya a kan madubin ƙara girma. Ba mai magana, ba mai waiwaye. Hannuwansu kaɗai ke motsi. Na tsaya ina kallo, abin da ya zo mani a rai shi ne likkafani, na yi sauri na kawar da tunanin.

Ba a bar ni na shiga ɗakin ba. Aka ce ba a shirya wa zuwana ba, aka tura ni ofishin da ake yanke farashi, wurin wata dattijuwa mai suna Madam Odil, in riƙa kai mata takardu. Siririya ce, tana shan taba ɗaya bayan ɗaya, ta kusa barin aiki. Kwanakin farko ba ta kula ni ba. Da ta ga ina rawar sanyi a cikin rigar da na zo da ita, washegari na tarar da wata tsohuwar kwat rataye a kujerata. Ba ta ce daga ina ba, ban tambaya ba.

Wata rana na yi ƙarfin hali na ba ta labarin famfon garinmu, na tambaye ta abin da ya sa abu ɗaya, lamba ɗaya, yake da farashi iri-iri. Ta buɗe aljihun tebur ta ciro wani faifai siriri mai sheƙi, kamar madubi, an zana shi gida-gida. Ta riƙe shi a ƙarƙashin fitila. Wasu gidajen suna da ɗigon tawada a tsakiya.

Ta ce, "Kowane gida taransisto ɗaya ne. Tare aka haife su, wuta ɗaya suka sha, kuɗi ɗaya aka kashe masu. Masu ɗigo sun mutu tun a nan. Ƙwayar ƙura ɗaya ta isa. Wa zai biya kuɗin da aka kashe a kansu?"

Na ce ban sani ba.

"Masu rai. Ina ɗaukar kuɗin faifan duka in raba a kan waɗanda suka tsira. Wanda ya sayi guda ɗaya, yana biyan nasa, yana biyan na 'yan'uwansa da suka mutu."

Ta ci gaba a hankali, kamar mai karanta labarai. Irin naku na famfo babba ne, in ji ta, gidansa yana da faɗi, saboda haka kaɗan ne ke fita daga faifai, kuma ƙura ta fi samun su. Bayan an yanka, a sa wa kowane hular ƙarfe da gindin tagulla, wannan ma kuɗi ne. Sannan a gwada su cikin sanyi, a shigar da su tanderu a gwada cikin zafi. Waɗanda suka faɗi a nan sun fi tsadar asara, don sun riga sun ci tagulla da aikin hannu. Wanda ya jure wuta mafi ƙarfi shi ne mafi tsada, wanda ya jure kaɗan a rage masa daraja. Mai sayen dubbai yana da farashinsa, mai sayen shida yana da nasa, don ɗawainiyar shida da ta dubu kusan ɗaya ce. Mai kanti kuma ya ɗora nasa.

Na ce, "To waɗanda suka faɗi a tanderu fa?"

Ta kashe tabarta. "Zo."

Muka sauka ƙarƙashin ginin. Ɗaki ne mai faɗi, fitila ɗaya, ganguna a jere cike da taransisto masu ƙyalli, kowane da jan ɗigon fenti a kan hularsa. Ba kowa a wurin, amma ɗakin ba shiru yake ba. Daga cikin gangunan ana jin ƙas, ƙas, ƙas, nan da can, kamar gara tana cin azara. Ta ce waɗanda aka kwaso daga tanderu ne suke hucewa. Ta ce masu tsofaffin ƙarafa ke sayen su a kilo, don a narke a cire tagulla.

Na sa hannu a aljihu na ciro na Alhaji. Ta juya shi a gaban fitila. A tsakiyar hular akwai wani ɗan wuri da ƙyallinsa ya dusashe, daidai girman ɗigo.

Ta kai ni ɗakin gwaji. Aka haɗa shi da ma'auni, allura ta tsaya daram. Aka sa shi cikin ƙaramin tanderu, wayoyin suna waje. Da farko ba abin da ya faru. Can sai allurar ta soma tafiya ita kaɗai, a hankali, ba wanda ya taɓa komai. Ta haura, ta haura, ta je ta kwanta a ƙarshe.

Madam Odil ta ce, "Irin waɗannan su ne mugaye. Cikin sanyi ba ka raba su da masu rai. Ƙasarku da zafi?"

Na ce akwatin ƙarfe ne, a fili, ba inuwa.

Ta kashe tanderun.

Da aka tashi cin abincin rana na tafi gidan waya na buga wa Alhaji Nomau tarho. Ya ɗauka da murna.

"Ɗan radiyo! Sanyi bai kashe ka ba? Albishirinka. Ɗan Ladi ya tashi tun wancan mako, na ba shi sha biyu ya kai ma mai garinku. Shida na aiki, shida na ajiya. Sadaka ta, ko dala ban karɓa. Kuɗin talakawa ka maida masu su sai hatsi."

Na ce, "Alhaji, waɗannan matattu ne. Akwai jan fenti a kansu da aka goge."

"Na sani mana! Ni nika sa a goge. Wa za shi sayen abu da tabo? Kai ba ka ga allura da idonka ba?"

"Cikin sanyi ne. Idan rana ta bugi akwatin za su ƙone."

"Radiyo nawa anka gyara da su a garin ga, ba wanda ya dawo."

"Radiyon ɗaki daban, famfo daban, Alhaji. Wutar da ke bi ta cikinsu ba ɗaya ba ce."

"To, Mushe," in ji shi, yadda ake kiran malamin lakwal a wajenmu. "Mu da ba mu yi lakwal ba, alherinmu ma sai an kai shi tanderu." Sannan muryarsa ta sauka. "Don ɗan'uwanka na yi, wallahi. Na ji tausai nai."

Na san gaskiya ya faɗa. Kuɗin tarhon ya ƙare kafin in amsa.

Ƙauyenmu ba tarho, wasiƙa kuwa sai ta yi wata a hanya. Abu ɗaya na sani da ke isa can da wuri. Na aika talgiram ga abokin aikina a gidan radiyo, na roƙe shi ya karanta cikin sanarwoyin yamma: ana sanar da Salau mai famfo, na yankin Bangi, cewa kayan da aka aiko daga Faransa kada a ɗaura su, ya jira ƙanensa.

Daga nan sai jira. Masana'antar ba ta sayar da ƙasa da kwali, amma Madam Odil ta saya mani shida da sunanta, a farashin ma'aikata, daga masu daraja ta sama. Kuɗin garin bai kai ba, na sayar da rakodata na cika. Ta sa aka gwada su a tanderu a gabana, ɗaya bayan ɗaya. Allura ba ta motsa ba. Na naɗe su a auduga, na ɗinke a cikin kwat ɗin. Sauran watannin na yi su ina kai takardu, ina wucewa ta gaban ɗakin rawaya, ina duba akwatin wasiƙa. Ba abin da ya zo daga gida, ko layi ɗaya.

Na sauka Madawa cikin bazara, na hau motar kasuwa zuwa Bangi, na ƙarasa da ƙafa. Tun daga nesa na hango mata a bakin rijiya suna ja da igiya, su huɗu-huɗu. Da suka gane ni, hirarsu ta tsaya. Sun amsa sallamata, amma ba wadda ta tambaye ni hanya.

Inna, mahaifiyarmu, tana zaune a ƙofar ɗakinta. Bayan gaisuwa na ce, "Inna, sanarwata ba ta iso ba?"

"Ta iso. Ranar kasuwa anka karanta ta, kowa ya ji. Har ƙauyukan da ba su san zancen ba sunka ji."

"To me ya sa aka ɗaura?"

Ta dube ni. "Mi kaka so mutane su ce? Alhaji ya aiko sadaka daga ƙasar Nasara, sababbi ful, suna walƙiya. Ƙanen mutum kuma ya shiga radiyo shina cewa kada a gwada. Sunka ce ka san abin da wanka ya yi, kana ɓoye shi."

"Shi Yaya fa? Bai yarda da ni ba?"

"Ya yarda. Ya ce mani, Inna, yaron ga ba ya ƙarya kan aikinai. Amma in na ce a jira, na amsa laifi ke nan. Shi da kansa ya tai Madawa ya ɗauko mai gyaran radiyo."

Ta ba ni sauran labarin ba tare da ta ɗaga murya ba. Da sassafe aka ɗaura, garin duka yana tsaye. Yaya Salau ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Ruwa ya zo. Mata suka yi guɗa, mai gari ya ba shi hannu, waɗanda suka daina gaishe shi suka zo suna cewa dama su ba su taɓa zarginsa ba. Aka cika tuluna, aka shayar da dabbobi. Ya zauna a gindin akwatin bai tafi ko'ina ba. Rana ta take. Wajen azahar, sama fes ba ko gajimare, akwatin ya yi ƙara ɗaya kamar bindiga, hayaƙi ya fito ta gefensa.

Inna ta ce, "Maƙeri ma da anka kira shi, ya tsaya nesa, ya ce shi bai taɓa ganin wadda ta faɗo ba hadari ba. Wanka ya aza makulli bakin rijiya, ya shigo nan ya sha ruwa, ya ce in yahe mashi. Kahin la'asar ya fita."

Washegari na je wurin mai gari, dattawa suna zaune. Na ɗauko ɗaya daga cikin shidan ajiya na Alhaji, na nuna masu wurin da aka goge fenti. Na yi bayanin faifai da tanderu da gangunan ƙarƙashin ƙasa, dalla-dalla, yadda na iya. Suka saurara har na gama. Wani tsoho ya juya taransiston a tafinsa, ya ce shi dai bai ga komai ba sai ƙarfe mai kyau. Mai gari ya ce Allah ya yi mani albarka, in ɗaura nawa a gani.

Injin famfon bai lalace ba. Na canza abin da ya ƙone, na ɗaura shidan, na sa aka yi wa akwatin rumfar zana. Ɗan mai gari ne ya murɗa makulli. Ruwa ya zo da safe, ya wuce azahar, ya kai magariba. Na ji wata mata a bayana tana cewa, "Ka gani, da anka canza hannu."

Famfon ya yi aiki har ƙarshen shekarun tamanin ba tare da akwatin ya sake ƙonewa ba. Yaya Salau ya zauna a arewacin Kamaru yana gyaran takalma. Bayan shekara biyu ya aiko aka kai masa matarsa da 'ya'yansa, kuma bai sake kwana a garinmu ba.